Yusufu a Gwangwani Bakwai

Yayana mai sayar da kayan gyaran babur ne, amma in ka kira shi haka a gabansa kun ɓata. Sunan da ya raɗa wa kansa, har ya bi shi, shi ne Mai Tsari. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, sai dai tun daga ƙasa har rufi gwangwanayen madara ne jere a kan kanta, kowanne da takarda manne a jikinsa: noti, fulogi, boris, ƙwan fitila, wayar birki. Gaskiya ɗaya ba zan danne masa ba. Ko idonsa a rufe ka ce ya miƙo maka noti mai lamba goma, zai miƙo. Matsalar ita ce tun da Allah ya ba shi wannan baiwa guda, ya ɗauka duk abin da ke damun duniya rashin gwangwani ne.

Ni ce autar gidanmu. Ɗinki nake yi, shagona kuma jikin nasa yake, bango ɗaya ya raba mu. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Da hannuna ma a ciki, ba zan ɓoye ba.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ke koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi ta cocinmu, shekara goma sha tara ke nan. Mace ce mai kunya, karatunta bai yi nisa ba, kuma ta sa wa ranta cewa ita ba kowa ba ce in babu littafinta. Littafin nan jagorar malamai ne, tsoho, mai darasi hamsin da biyu, ɗaya ga kowace Lahadi. Kowane darasi da labarinsa daga Littafi Mai Tsarki a taƙaice, da hoto, da tambayoyin da za a yi wa yara, da ayar haddacewa. Amsoshin tambayoyin suna can ƙarshen littafi, an jera su bisa lambar shafi. An daina buga irinsa tun tuni. Ko gaisuwar safe Anti za ta yi wa yara, sai littafin yana rungume a ƙirjinta.

Ana nan sai Fasto ya yi sanarwa cewa ranar Lahadi mai zuwa za a yi baƙuwa daga babban ofishin ikilisiya, mai horar da malamai, tare da malaman wasu coci huɗu. Kuma Anti ce za ta koyar da darasin gwaji a gabansu, labarin Yusufu da 'yan'uwansa. Tun daga wannan rana abinci ya daina wuce mata. Kamar hakan bai isa ba, ranar Talata 'yarsu ta fari ta haihu a wani gari, dole ta tafi sai Asabar. Kafin ta hau mota ta biyo ta shagona.

"Auta, ki taimake ni. Bayansa ya saki, shafuka na zubewa. Ki kama mini shi da zare mai ƙarfi. Don Allah kada ki bar kowa ya taɓa."

Da ta ce "kowa", bangon da ke tsakanina da mijinta ta kalla.

Na ajiye littafin a kan keken ɗinki, na leƙa bakin titi sayen zare. Ban yi minti goma ba. Da na dawo babu littafi, babu babban almakashina, ta bayan bango kuma ina jin ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Na faɗa shagon da gudu. Yaya na zaune ya miƙe ƙafa, ya riga ya raba bangon littafin da cikinsa, yana yanka shafuka gunduwa-gunduwa.

"Yaya! Me kake yi haka?"

"Zauna, Auta, ki ga ilimi. Shekara goma sha tara matar nan tana wahala ban sani ba. Dubi wannan littafi. Zaki a shafi na talatin, wani zakin a shafi na casa'in, wani kuma can gaba. Haka ake ajiye kaya? In ni na watsa fulogi a wuri uku, da yanzu ban rufe shago ba?"

"Ɗinke shi aka ce in yi!"

"Ɗinki aikin mai ƙaramin tunani ne. Ni warware shi zan yi. Zaki duk wuri ɗaya, kifi wuri ɗaya, jirage wuri ɗaya, sarakuna wuri ɗaya. Malami ya miƙa hannu kawai ya ɗauko. In baƙuwar nan ta gani, ina gaya miki, har babban ofishi za a kira ni. Coci-coci za a riƙa aiko mota."

Na kai hannu zan ƙwace abin da ya rage, ya ɗaga almakashi sama ya ce in girmama furfura. Furfurar tasa ba ta fi ƙwaya shida ba, amma yayana ne. Na fita ina kuka, ina zagin zaren da ya fitar da ni.

Kafin rana ta karkata labari ya zaga layinmu. Mai faci ya baro tayarsa cikin ruwa, mai aski ya baro wani da rabin kai, suka tsaya a bakin ƙofa. Yaya ya juye gwangwani ashirin da huɗu cikin wani babban baho, noti da boris da fulogi duk a cakuɗe, ya manna wa gwangwanayen sababbin sunaye.

Mai faci ya ce, "Mai Tsari, bari mu gwada injin naka. Ba ni labarin mutumin nan da kifi ya haɗiye."

"Ƙaramin aiki."

Ya rufe ido don burga, ya miƙa hannu ya sauko da gwangwanin kifi, ya zaro takarda ya karanta. Kifi biyu ne da gurasa biyar, an ciyar da dubban mutane.

"Wannan ai mutane ne suka haɗiye kifi," in ji mai faci.

Yaya ya sake zarowa. Kifi ne da aka sami kuɗi a bakinsa. Ya sake, taru ne ya cika har yana neman yagewa.

"To ina Yunusan?"

"Yunusa yana gwangwanin annabawa. Jirginsa yana jirage. Itacen da ya yi masa inuwa yana itatuwa, tare da wanda Zakka ya hau. Komai na wurinsa. Ku ne ba ku saba da tsari ba."

"Kifin nasa fa?"

"Kifi kifi ne, malam. In babu na asali ana sa makamancinsa. Kai in na ce maka babu boris na kamfanin babur ɗinka, ba wani nake ba ka ya shiga daidai ba?"

Mai aski ya matso. Ya ɗauki wata guntuwar takarda ya juya bayanta, ya ƙura mata ido.

"Mai Tsari, wannan wuyan raƙumin dawa ne?"

"Ina?"

"A bayan takardar. Ga wuya, babu kai, babu ƙafa. Ina jin hoton jirgin Nuhu ka raba. Ka san fa littafi gaba da baya ake buga shi?"

Yaya ya karɓi takardar ya juya ta. Sai a lokacin ya tuna. Ya bi gaban shafuka yana yanka, bayansu kuwa duk inda almakashi ya faɗa shi ke nan. Amma Yaya ba ya faɗuwa ƙasa a gaban jama'a.

"Da gangan ne. Kaya ɗaya, aiki biyu. In gaba ya ƙare a juya baya."

"Kan raƙumin fa?"

"Zai fito. Kaya ba ya ɓata a shagona."

Ya ce zai yi wa kowace takarda alama a gefen da ya fi muhimmanci. Da me? Da babban yatsansa, wanda bai rabu da baƙin mai ba tun muna yara. Man ya ratsa takarda ya fito ta baya, alama ta zama biyu. Ranar Alhamis kuma wani mai babur ya tsaya a gaggauce, ko injin bai kashe ba, ya ce a ba shi noti. Hannun Yaya ya tafi inda ya saba zuwa shekara da shekaru, ya juye wa mutumin gwangwani a tafin hannu.

Mutumin ya duba ya ce, "Baba, noti na ce. Ka ba ni kwaɗi da fara da ƙanƙara."

Takardun annoban Masar ne. Yaya ya durƙusa gaban baho yana tonon noti kamar kaza a juji, har mutumin ya gaji ya ja babur ɗinsa. Da na yi magana sai ya ce duk babban aiki sai an yi masa sadaukarwa.

Ranar Asabar da yamma Anti ta sauka. Ko gida ba ta je ba, da jakarta ta shigo shagona, fuskarta cike da murnar jika.

"Auta, ya ɗinku?"

Na nuna mata bango. Yaya ne ya leƙo, ya ce ta zo ta ga abin da ba ta taɓa mafarki ba. Ta bi shi. Ta dubi kantar shagon, ta karanta sunayen gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe guda ta leƙa. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na fi samun sauƙi. Ta nemi bakin baho ta zauna.

"Baban yara, ina Yusufu?"

"Lafiyarsa ƙalau. Gwangwani bakwai ya ci, babban kaya ne. Rigarsa tana tufafi. Ga mafarki, ga ramuka, ga kurkuku. Hatsin yana abinci, ƙoƙon azurfa yana kwanuka."

"Inda ya yafe wa 'yan'uwansa fa?"

"Wannan ba kaya ba ne, ban san inda zan sa shi ba. Yana cikin tarkace."

Ta zaro wata takarda ta juya ta sama da ƙasa.

"Ina lambar shafi?"

"Na datse gefe-gefen, ba sa shiga gwangwani. Amma kwantar da hankalinki, amsoshin nan na baya ko taɓa su ban yi ba." Ya ɗauko su a ƙulle da roba yana murmushi. "Ga su cif."

"Amsoshin da lambar shafi ake nemansu, baban yara."

Sai hawaye. Ni kam kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, don amana aka ba ni na yi sakaci. Na ce mata ta buɗe Littafi Mai Tsarki kawai ta koyar daga can. Ta ce labarin Yusufu ya fi sura goma, ba ta san inda za ta kama da inda za ta bari ba, kuma kalmomin manya ne, ita da 'yan shekara biyar take magana. Ta ce za ta je ta gaya wa Fasto a nemi wata. Na riƙe hannunta na ce ba za a yi haka ba. Muka kwashe gwangwani bakwai zuwa shagona, muka zazzage a kan teburin yanka, muka tsince duk abin da ya yi kama da Yusufu. Guda goma sha huɗu muka samu. Muka jera su bi da bi, na soke su da allura mai kai, na ajiye a kan kantar Yaya tare da gwangwanayen, don shi zai riƙo kaya da safe. Anti ta tafi gida da ɗan sauran numfashi.

Da safe a ƙofar coci muka haɗu da shi. Ya sha babbar rigarsa ta zuwa biki, ya jera gwangwanaye a kan wani faffaɗan katako ya rungumo kamar mai talla.

"Yaya, ina takardun da na soke?"

"Waɗanda na tarar a waje? Na mayar da kowacce gwangwaninta. Kaya ba ya kwana a waje, Auta. Ga allurarki."

Anti ta dafa bango. Yaya ya ce kada ta damu, ya riga ya gaya wa Fasto cewa yau za a ga sabuwar hanya. Ita dai ta tsaya ta kira kaya, shi zai miƙo, kamar yadda ake yi a shago. Kafin ta ce uffan an buga ƙararrawa.

Ɗakin makarantar Lahadi ya cika. Yara talatin da wani abu a kan ƙananan bencina, baƙin malamai sun jeru jikin bango, Fasto na bakin ƙofa. Baƙuwa kuma, wata dattijuwa mai tabarau, ta zauna a gaba da littafin rubutu a cinya. Babu wuta tun safe, zafi ya ishi kowa. Yaya ya ajiye katakonsa a kan tebur, ya gyara murya.

"Jama'a, abin da za ku gani yau babu shi a ko'ina. Daga yau an gama buɗe shafi. Masu rubutu su rubuta."

Baƙuwa ta rubuta wani abu. Yaya ya ƙyafta mini ido.

Anti ta fara, muryarta na rawa. "Yara, akwai wani mutum mai 'ya'ya maza goma sha biyu. Ya fi son ɗaya, sunansa Yusufu. Sai ya ba shi..."

"Riga!" in ji Yaya, ya zaro daga tufafi ya miƙa.

Tsoro ya hana Anti dubawa kafin ta karanta. Ta karanta cewa an sa wa yaron hular tagulla da rigar ƙarfe, har nauyi ya hana shi tafiya.

Yara suka ɗauka baki ɗaya, "Dauda ne! Dauda ne!"

"Shiru!" in ji Yaya. "Riga riga ce. A ci gaba. Mafarki!"

Wannan karon tsani ne ya fito, ƙafarsa a ƙasa kansa a sama, mala'iku na hawa da sauka. Wata 'yar yarinya mai wushirya da ke benci na gaba ta ɗaga hannu.

"Baba, wannan mafarkin babansa ne ya yi."

"To ba gida ɗaya ba ne? Mafarkin uba ai na ɗa ne."

Wani daga cikin baƙin malamai ya sa hankici a baki. Anti ta tsaya riƙe da takarda, ta kasa gaba ta kasa baya. Yaya ya ga kasuwa na neman watsewa, sai ya ture ta gefe a hankali ya karɓi aikin da kansa. Ya buɗe ramuka, ya ɗaga murya kamar mai wa'azi a fili. Aka jefa Yusufu cikin rami, aka kawo dutse aka rufe bakin, sarki ya kwana bai ci abinci ba, zakoki kuma suka kewaye shi.

"Baba," in ji mai wushirya, "babu zaki a ramin Yusufu. Ko ruwa ma babu."

"Ke kin shiga ne?"

"Na Daniyel ne mai zaki."

"Girmansu ɗaya. In babu wannan, wancan zai shiga."

Baƙuwa ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Malam, tambaya nake da ita. Yaya aka yi ya fita daga ramin?"

"Madalla da tambaya, ranki ya daɗe. Fita tana kurkuku." Ya zaro. Aka yi girgizar ƙasa, ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙi suka zube, mai gadi ya zare takobi.

"Bulus da Sila!" Yara har da tsalle. Sun ɗauka sabon wasa ne aka kawo musu, a faɗi labari su canki mai shi.

Fasto ya yi tari irin wanda duk ɗan coci ya san ma'anarsa. Yaya bai sani ba, ko ya sani ya yi kunnen ƙashi. Ya ce yanzu za a shiga tambaya da amsa, a ga inda tsarin ya fi ƙarfi. Ya daɗe yana tono kafin Allah ya taimake shi ya sami tambaya ta gaske.

"Su wane ne suka sayi Yusufu daga hannun 'yan'uwansa?"

Yara suka ce fatake. Yaya ya ce a dakata a ji daga hukuma. Ya kwance robar amsoshi, ya bi lambobi da yatsa, ya dubi takardar tambaya, babu lamba. Ya sake bin lambobi. Gumi ya keto masa. Ya rufe ido ya dangwala yatsa a tsakiya, ya karanta da ƙarfi.

"Biyu biyu, namiji da ta mace!"

Ɗakin ya fashe. Mai hankici ya zame daga jikin bango ya tsuguna. A daidai wannan lokaci aka kawo wuta, fankar sama da aka manta a kunne ta tashi da ƙarfinta, gwangwanaye kuma duk a buɗe. Takardu suka yi sama. Annabawa, sarakuna, kifaye, jirage, duk suka cika ɗaki suna shawagi, yara suka bi su da ihu. Yaya ya daka tsalle zai kamo wata, babbar riga ta harɗe masa ƙafa, ya dafa katako, katako ya tashi. Gwangwani ashirin da huɗu suka tarwatse a siminti da ƙara kamar an zubar da kayan kicin. Daga cikin na tarkace wasu noti uku da suka maƙale suka gangaro har gaban takalmin Baƙuwa. Yaya na rarrafe yana cewa kada kowa ya taɓa, ya san wurin kowanne, ga wata takarda manne a goshinsa saboda gumi. Mai aski, wanda ya zo kallo ta taga, ya rantse daga baya cewa kan raƙumin dawa ne.

Fasto ya kashe fanka. Anti na tsaye a gaba, hannuwanta biyu babu komai, tana murza gefen zaninta. Na san tafiya take son yi. Ni ma da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai mai wushirya ta ce, "Malama, to Yusufu fa? Har yanzu yana cikin rami."

Anti ta dube ta. Ta dubi ƙofa. Sannan ta jawo ƙaramin benci ta zauna, yadda kanta ya zo daidai da na yara.

"Yana ciki," ta ce. "Kuma yana jin muryar yayyensa a sama suna cin abinci. Wa ya taɓa kiran yayansa, yayan ya yi kamar bai ji ba?"

Hannuwa suka tashi. Har nawa ya so tashi. Daga nan ban san yadda aka yi ba, labari ya kama hanya. Ta kai shi Masar a bayan fatake, ta sa shi kurkuku, ta fito da shi gaban Fir'auna. Ta sa yara suka zama shanu bakwai masu ƙiba suna kumbura kumatu, suka koma ramammu suna tsotse ciki. Muryar da ke rawa ɗazu ta zauna daram. Shekara goma sha tara tana kallon littafin nan, ashe ba ta lura ya daɗe da komawa cikin kanta ba. Da ta kai inda Yusufu ya kori kowa daga ɗaki ya fashe da kuka ya gaya wa 'yan'uwansa ko shi wane ne, babu mai motsi. Baƙuwa ta manta da rubutu. Yaya ma na zaune a ƙasa da gwangwani a cinya, baki buɗe.

Mai wushirya ta sake ɗaga hannu.

"Malama, ke ma za ki yafe wa Baba?"

Anti ta juya ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"Zan yafe. Amma Yusufu ma sai da ya ɗan wahalar da su tukuna."

Baƙuwa ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. Bayan an tashi ta riƙe hannun Anti ta daɗe, ta ce wata mai zuwa tana so Anti ta zo ta nuna wa sababbin malamai yadda ake ba yara labari. Kafin mu fito harabar coci, Yaya ya riga ya tara mutane yana gaya musu cewa dama shirinsa ke nan. Wai ya daɗe da gane littafin ne ke danne matarsa, shi ya sa ya yi mata tiyata.

Da muka isa gida Anti ta zuba masa abinci, ta bari ya ci ya ƙoshi. Sannan ta ajiye buhun takardun da yara suka tsince a gabansa, da kwalbar gam.

"Za ka mayar mini da littafina yadda yake."

"Ai babu lambar shafi, uwargida."

"Na sani."

"To ta yaya zan san wanda ke bin wani?"

"Sai ka san labarin. Darasi hamsin da biyu ne, ɗaya kowace Lahadi. Akwai wuri a benci na biyu."

Yau wata huɗu ke nan. Duk Lahadi za ka ga Yaya a ɗakin yara, a kan bencin da bai kai tsawon gwiwa ba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, buhu a gefe. In ya buɗe baki zai yi gyara, yara talatin su ce masa shiru. A layinmu kuwa ya gaya wa mai faci cewa coci ta naɗa shi mai sa ido a kan harkar ilimi. Shafi goma sha ɗaya ya haɗa zuwa yanzu, uku a ciki a juye.

Rannan na ji tausayinsa ya kama ni, na sami Anti tana wanke-wanke na ce mata, "Anti, kin san fa littafin nan ba zai haɗu ba. Ko ya haɗa gaba, baya ya riga ya tafi."

Ta leƙa tsakar gida ta tabbatar ba ya kusa.

"Na sani tun ranar Asabar ɗin, Auta. Na yi kukansa na gama. Amma kada ki kuskura ki gaya masa. Shekara ashirin da shida ina auren yayanki, sai yanzu na samu yana zama ya ji magana tun daga farko har ƙarshe."